Gyaran Gida: Kullum Kaɗan-kaɗan Ko a Tara Sai Asabar?

Wasu iyalan Kirista kan bar shara da wanki su taru sai Asabar. Suna da hujja: Lahadi takan sami gida fes, kamar yadda Isra'ilawa suka tara manna, abincin da Allah ya ba su a jeji, ninki biyu a rana ta shida don su huta a ta bakwai (Fitowa 16). Amma tsakiyar mako fa? Takalmin yaro ya ɓace, rai ya ɓaci, lokacin addu'ar safe ya tafi wajen neman kaya.

Ni dai gyaran kullum na fi so. Kafin barci kowa ya mayar da abu wurinsa, har yara. Da safe akwai natsuwar buɗe Littafi Mai Tsarki, baƙo kuma ko yaushe ya iso a karɓe shi ba gunaguni, yadda 1 Bitrus 4:9 ta umarta.