Saƙo daga Ingila: inda littattafan labaran gaskiya suke, da wanda ya cancanci a ɗauko

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na gida. Da yawanku kan yi sallahu a taho muku da littattafan tarihi da na rayuwar mutane, sai a kawo wani abu dabam, ko a kawo rabi. To ga yadda harkar take a nan, domin mai sallahu ya san abin da zai ce, mai sayowa kuma ya san inda zai dosa.

Laburaren gwamnati a Ingila kyauta ne, dokar 1964 ce ta ɗora wa ƙananan hukumomi wannan nauyi. Ana zuwa da katin shaida da takardar da ke nuna adireshi, a ba mutum katin aro nan take. Yawanci mako 3 ake ba da littafi, kuma ana iya ƙara wa'adi ta waya in babu mai jiransa. Littattafan da ba na ƙirƙira ba, da lamba ake jera su a kanta: tarihin Afirka yana 960, na Nijeriya 966.9, rayuwar mutane 920, laifuka da binciken 'yan sanda 364, Musulunci 297. Sai dai a ƙaramin reshe na unguwa, kantar Afirka takan zama taƙi ɗaya ko biyu. Kada a juya a tafi. A duba kundinsu na kwamfuta, a nemi a kawo littafin daga wani reshe. In babu shi a duk gundumar, ana aro shi daga wani gari, amma wannan da kuɗi, kuma yakan ɗauki makonni.

Babban laburaren ƙasa da ke St Pancras a Landan ba ya ba da aro. Katin shiga kyauta ne ga ɗan shekara 18 zuwa sama, a zauna a karanta a can, da fensir kawai, ba a shiga da biro. Kaya masu yawa suna ajiye ne a Boston Spa, can arewacin Ingila, don haka a nemi littafi kwana 2 kafin a je.

Wajen saye kuwa, sabon littafi mai bango mai tauri yakan kai fam 20 zuwa 25. In aka yi haƙuri kamar shekara guda sai mai bango mai laushi ya fito a kusan rabin kuɗin. Babu harajin saye a kan littafi. Arhar gaske tana shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam, inda fam 2 ko 3 kan sayi littafi lafiyayye, sai dai abin da ka taras shi ne rabonka. Mai neman takamaiman suna sai ya bi ta shafukan saye na intanet irin su AbeBooks ko World of Books ko eBay.

A nan ne ake tafka asara. Tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, akwai masu ɗauko hotonsu daga intanet su buga a sabon bango mai sheƙi. In ka buɗe sai ka ga rubutu dishi-dishi, sunayen garuruwa sun rikice, taswirar da ake naɗewa a ciki babu ita, wani shafin har da inuwar yatsan wanda ya ɗauki hoton. Maganinsa a duba sunan maɗaba'a da shekarar bugu kafin a biya. Tsohon kwafin laburare mai hatimi da 'yar takardar kwanan wata a manne a ciki ya fi irin wannan sabon nesa ba kusa ba.

Littafin tafiye-tafiyen Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani a ƙasarmu da Abdulkarim, shi ya fi faɗawa wannan tarko. Ya shiga Kano a 1851, ya rubuta kasuwarta da rini da saƙa da fatauci dalla-dalla. Bugun farko na 1857 zuwa 1858 juzu'i 5 ne: Katsina da Kano suna na biyu, tafiyarsa ta Damagaram zuwa Wurno da Sakkwato da Gwandu tana na huɗu. Akwai kuma bugu mai juzu'i 3, wanda lissafinsa dabam ne. Wanda ya ce kawai "a sayo mini Barth", sau da yawa juzu'i ɗaya zai samu, ba kuwa wanda yake so ba. A ganina kada ma a ɓata kilo a kansa, tunda yana shafin intanet na Internet Archive kyauta, ana sauke shi a waya daga ko'ina.

Wanda ya cancanci wuri a jaka shi ne Baba of Karo, na 1954. Baba tsohuwa ce Bahaushiya da ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ta ba ta labarin rayuwarta tun kafin zuwan Turawa: harin masu kamen bayi, aure da saki, zaman kishi, ƙawance, bori, riƙon 'ya'yan dangi. Muryar mace ce da kanta, abin da ba kasafai ake samu a littattafan tarihinmu ba. An sake buga shi a 1981, wannan bugun ya fi sauƙin samu a gwanjo. Sai labarin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka bautar, aka 'yanta, ya biyo Barth zuwa Turai a 1855. Da bakinsa ya faɗi abin da ya gani, da Hausa, wani ɗan mishan Bajamushe mai suna Schön ya rubuta, ya fito a Magana Hausa a 1885. Ga mai son tarihin jihadi da wazirai kuma, akwai The Sokoto Caliphate na Murray Last, 1967, wanda aka gina a kan rubuce-rubucen Larabci na malaman Sakkwato. Shi wannan ba na karatun dare ɗaya ba ne.

Amma fa kada ku ɗauka komai yana nan. Littafin Hausa ba a samunsa a shagunan Ingila, sai a laburare irin na SOAS, makarantar nazarin Afirka da Asiya da ke Landan, shi ma ba a shiga haka kawai. Bugun kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya, da littattafan malamai da ake sayarwa a Kurmi, da takardun da ke Arewa House da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, mu ne ke roƙonku su. Littattafan waya na manhajar Libby kuma aro ne da ke ɗaure da katin laburare, wa'adi na cika suke rufewa, ba sa turuwa ta WhatsApp.

Mai sallahu ya turo abu 4: sunan littafi, sunan marubuci, shekarar bugu, da lambar ISBN da ke bayan bango, mai lambobi 13 ko 10 in tsoho ne. Bugun da ya girmi wannan tsari ba shi da lambar, sai a ƙara sunan maɗaba'a. Littafi mai bango mai laushi yakan yi giram 300 zuwa 400, mai tauri ya kusa ninka haka, jakar matafiyi kuma kilo 23 ce a yawancin jirage. Masu bango mai laushi guda 6 sun ci kilo 2 na jakar mai ɗauko su, don haka a tambaye shi tun kafin ya haɗa kaya. A sa kowanne a leda, a kwantar da su a tsakiyar tufafi, kada a tsayar da su a gefen jaka inda kusurwa ke lanƙwashewa. In sun iso, a cire ledar saboda raɓar damina, a ɗora su a kanta nesa da bangon ƙasa, domin gara.