Kwanciyar wata biyu a Kolon ko tonon bayanan NASA: wanne ya dace da ke?

Ƙanwata, kin ce kin gama karatun ilimin yadda jikin ɗan'adam yake aiki, kina so ki sa hannu a binciken lafiyar 'yan sama jannati. Wani ya ce miki a Turai ana biyan mutum ya kwanta kawai, wani kuma ya ce ki nemi bayanan da NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, take saki kyauta. Duk su biyun gaskiya suka faɗa miki, amma hanyoyin ba wuri ɗaya suke kai mutum ba.

Matsalar da ake bi ɗaya ce. Da zarar jiki ya daina ɗaukar nauyinsa, ƙashin ƙugu da na ƙafa yana raguwa da kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari a wata, tsoka ta saki, ruwan jiki ya haura kai har fuska ta kumbura. Wasu bayan ƙwayar idonsu yakan baje, su dawo ganinsu ya sauya. Dalilin ke nan da mazauna tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa suke motsa jiki kusan awa biyu kullum.

Mu fara da gadon, tunda shi ne mai daɗin ji. Hukumar sararin samaniya ta Jamus, DLR, tana da cibiya a birnin Kolon inda ake wannan gwaji. A 2019 ta haɗa kai da NASA da hukumar Turai ta ESA, aka kwantar da mutum 24 na kwana 60, aka biya kowanne Yuro 16,500. Ki lissafa da naira, za ki ga abin da ya sa labarin ya zagaye wayoyi. Amma ki ji yadda kwanciyar take. An karkata gadon da digiri 6, kai a ƙasa, ƙafa a sama, don jini ya taru a kai kamar yadda yake yi a sama. Dole kafaɗa ɗaya ta kasance a kan katifa dare da rana. A nan za ki ci abinci, a nan za a kai ki wanka a kwance, a nan za ki kama ruwa, sallah ma sai dai da ishara. Wasu a cikinsu kullum ana ɗora su a wata na'ura mai juyawa na minti 30, a ga ko nauyin da take ƙirƙira zai rage ɓarnar. Ranar tashi kuwa, ƙafa sai an sake koya mata tsayuwa.

Ko kin ce kin ji kin gani, akwai ƙofa. Na Kolon suna neman mai jin Jamusanci sosai. Gwajin CHAPEA na NASA a Hustan, inda aka rufe mutum huɗu kwana 378 daga Yunin 2023 zuwa Yulin 2024 a gidan da aka kwaikwayi zaman duniyar Mars, sai ɗan Amurka ko mai izinin zama na dindindin, ɗan shekara 30 zuwa 55. Sannan abin da ya fi damuna: mai kwanciya shi ake bincike a kansa. Jininsa ake ɗiba, ƙashinsa ake aunawa, idan takarda ta fito lamba ce a madadin sunansa. Gudummawa ce babba, ban raina ta ba, amma ke cewa kika yi bincike kike so ki yi.

Ɗaya hanyar ba ta da armashi a baki. NASA tana da rumbun bayanai na intanet mai suna OSDR, wanda GeneLab, sashen bayanan ƙwayoyin halitta, yake cikinsa. Akwai sakamakon gwajin ɓerayen da suka zauna a tashar sama, da tsirrai, da ƙwayoyin cuta, har da wasu bayanan fararen hula huɗun da suka yi tafiyar sararin samaniya mai suna Inspiration4 a 2021. Ba a tambayar fasfo. Suna da ƙungiyoyin nazari na 'yan sa-kai da suke haɗuwa ta intanet, ɗalibi da farfesa a zaure ɗaya, kuma wanda ya yi aiki sunansa yana shiga takardar da aka wallafa. Nan ne za ki iya ɗaukar tambaya ɗaya, misali waɗanne ƙwayoyin halitta ne suke sauya aiki a tsokar ɓeran da ya yi wata guda a sama, ki gwada da na ɗan'uwansa da aka bari a ƙasa.

Ita ma tana da tata wahalar. Ba za a biya ki ko sisi ba. Sai kin koyi R ko Python, wato harsunan ba kwamfuta umarni, da lissafin ƙididdiga, wanda zai ci miki watanni. Ɗanyun fayilolin manya ne, za su lashe miki data kafin wuta ta dawo, don haka ki fara da waɗanda aka riga aka tace. Kuma bayanan asibiti na 'yan sama jannatin NASA ba a buɗe suke ba, sai an rubuta buƙata an amince, saboda mutanen kaɗan ne, da wuya a ɓoye ko wane ne. Ki ɗauki misalin binciken tagwaye na NASA: Scott Kelly ya yi kwana 340 a sama, ɗan'uwan tagwaicinsa Mark yana ƙasa, kowa ya san jinin wa ake magana.

Da ni ce ke, ta biyun zan bi. Ki buɗe rumbun a makon nan, ki zaɓi gwajin ɓera guda ɗaya da ya shafi tsoka ko ƙashi, ki karanta bayaninsa har ki iya faɗa wa wani da bakinki. Sannan ki nemi malami a tsangayarku da zai yarda ya duba aikin, ki cike takardar shiga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin nazarin.