Lambar Yaƙin Duniya na Ɗaya ko Tauraron Burma: wacce ta fi dacewa da mai tarawa?

Mai son tara lambobin yabo na sojojin Afirka ta Yamma yakan fara da ɗaya daga cikin biyun nan.

Lambobin Yaƙin Duniya na Ɗaya sun fi sauƙin tantancewa. British War Medal ta azurfa ce, Victory Medal kuma ta tagulla, da ƙyalle mai launin bakan gizo. Abin da ya ɗaukaka su shi ne gefensu: Turawan Ingila sun buga lambar soja, muƙaminsa, sunansa da rundunarsa a jiki. Idan ka ga an rubuta Nigeria Regiment, wato rundunar sojan Najeriya ta lokacin, to mai yiwuwa mai ita yana cikin waɗanda aka tura Kamaru tsakanin 1914 da 1916, ko Gabashin Afirka. Sai dai a duba da kyau, domin wasu kan goge sunan asali su sassaƙa wani, kuma gefen yakan nuna alamar gugar.

Tauraron Burma fa, wato lambar da Birtaniya ta ba waɗanda suka yi yaƙi a Burma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, labarinsa ya fi kusa da mu, tunda 'yan Arewa da dama sun yi yaƙin a runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma. Amma Birtaniya ba ta buga suna a jikinsa ba. Ba takardar sallama, ba hoto, to ba ka san na wane ne ba, ga jabu sun cika kasuwa.

Ni dai zan fara da mai suna. Tauraron kuwa sai in ya zo tare da takardun mai shi.