Rosetta 2 ko Node.js na arm64: wanne ya fi dacewa da Mac mai M1?

Tun da Apple ya fito da kwamfutocin M1 a 2020, masu gina shafukan intanet ke cin karo da saƙon kuskure yayin girka node-sass, wani kunshi na Node.js (manhajar gudanar da JavaScript a wajen burauza) da ke taimakawa wajen samar da salon shafi, wato CSS, domin an harhaɗa shi ne don tsarin x86_64 na kwamfutocin Intel, alhali injin M1 na tsarin arm64 ne.

Hanya ta farko ita ce a buɗe Terminal (manhajar rubuta umarni) a ƙarƙashin Rosetta 2, manhajar Apple da ke ba M1 damar gudanar da manhajojin Intel, a girka Node.js na Intel. Tsohon aiki zai tashi ba tare da an taɓa shi ba, sai dai gudunsa yakan ragu, kuma da zarar an manta an girka wani kunshi daga Terminal na arm64, kayan tsari biyu sun cakuɗe ke nan a cikin node_modules, foldar da ake adana kunshin da aka girka wa aikin.

Hanya ta biyu ta fi cin lokaci, amma a ganina ita ce gyaran gaskiya: a girka Node.js 16 ko sama, wanda ke da sigar arm64 tun 2021, a goge node_modules, a maye gurbin node-sass da sass, wani kunshi mai yin aiki iri ɗaya da ke tafiya a kan arm64, sannan a sake girkawa. Umarnin node -p process.arch zai nuna tsarin da ake kai.