Mauser C96 ko Luger ta 'Yan Igwa?

Ga mai tara tsofaffin bindigogi, wacce ta fi a cikin ƙananan bindigogin Jamus ɗin nan biyu? Mauser C96 ba ta ɓuya ko a cikin tarin bindigogi. Gidan harsashinta a gaban kunama yake, yana cin goma, mariƙin kuma zagayayye ne, har Turawa suka yi mata laƙabi da sandar tsintsiya. Abin da ya fi burge ni shi ne kubenta na katako: ka zaro bindigar, ka maƙala kuben a bayan mariƙi, ya zama gindin da ake dafawa a kafaɗa. Irinta Winston Churchill ya riƙe a yaƙin Omdurman na Sudan a 1898. Waɗanda aka ƙera wa sojan Jamus a yaƙin duniya na farko kuwa, masu cin harsashin milimita 9, an sassaƙa wa akasarinsu ƙaton jan 9 a mariƙi, don kada soja ya ɗura musu harsashin milimita 7.63 na sauran C96. A nan masu jabu ke cin kasuwa, domin sassaƙa lamba a katako ba wuya.

Luger ta 'yan igwa, wato ta sojojin da ke harba igwa, wadda aka amince da ita a sojan Jamus a 1913, ita ce 'yar gayu. Ƙarfen samanta na lanƙwashewa kamar gwiwa duk harbi, bakinta santimita 20, saitinta ya kai mita 800, ga gidan harsashi mai siffar dodon koɗi da ke cin 32.

Ni dai Luger zan ɗauka. Ƙananan sassanta na ɗauke da lambobi biyu na ƙarshen lambar bindigar, saboda haka in an yi mata haɗin gambiza, da gilashin ƙara girma kawai za ka kama.