Wata Uku da Na'urar Auna Iska a Gefen Katangar Maƙwabta

Tarin maƙwabtana ne ya sa na sayi wannan na'ura. Wata mura mai zafi ta shiga gidansu, ta kwantar da uba da uwa da yara uku ɗaya bayan ɗaya, alhali tsakanin farfajiyarsu da tamu babu komai sai katanga wadda ba ta kai tsayin mutum ba. Mahaifiyata, wadda shekarunta suka ja kuma take fama da ciwon asma, ta saba zama a gindin wannan katangar da yamma, domin nan inuwa take sauka. Duk sa'ad da na ji atishawa daga wancan ɓangaren sai gabana ya faɗi, har na kai ga roƙonta da ta koma ɗaki a rufe tagogi. Ta koma ba tare da gardama ba, sai dai ta ce mini ita kam numfashinta ya fi sakewa a waje. Na so in san wanda ya fi gaskiya tsakaninmu, shi ya sa na nemi abin da zai auna mini iskar da muke shaƙa.

Na'urar ba ta fi tafin hannu girma ba. Tana da allo mai nuna lamba ɗaya babba, da zafin wuri da danshinsa a ƙasa da ƙananan lambobi, da fitila mai sauya launi daga kore zuwa rawaya zuwa ja. Babbar lambar ita ce yawan iskar kabon dayoksaid a cikin kowane kaso miliyan na iskar wurin. Ya kamata mai saye ya fahimci tun farko cewa na'urar ba ta ganin ƙwayar cuta, kuma babu inda za ta ce masa ga mura ko ga korona. Abin da take aunawa shi ne numfashin mutane da ya taru a wuri. Iskar sarari tana ɗauke da kabon dayoksaid kimanin 420 cikin miliyan, yayin da iskar da ke fita daga huhun mutum take ɗauke da kusan 40,000, wato ninki kusan ɗari. Saboda haka duk ƙarin da aka gani a kan 420 a cikin ɗaki, muddin ba a ƙona komai a wurin, daga ƙirjin wani ya fito. Masu bincike biyu a Amurka, Rudnick da Milton, sun mayar da wannan tunani lissafi a shekarar 2003, kuma lissafin mai sauƙi ne: idan allo ya nuna wajen 800, kashi ɗaya cikin ɗari na iskar da mutum yake shaƙa ya riga ya ratsa huhun wani, idan ya nuna 2,000, kamar a ce a kowane numfashi 25 akwai guda cikakke da wani ya fitar. Dabarar ma tsohuwa ce, domin tun a 1858 masanin tsaftar muhalli Bajamushe Max von Pettenkofer ya ba da shawarar kada iskar ɗaki ta wuce 1,000.

A yammacin farko na ɗora na'urar a kan katangar kanta, a daidai lokacin da mutanen gidan su biyar suke zaune a farfajiyarsu suna ta tari. Na bar ta fiye da awa guda. Lambar ba ta bar tsakanin 430 da 450 ba, kuma da na kai ta can ƙarshen farfajiyarmu, nesa da kowa, abin da ta nuna ke nan. Washegari na sake gwadawa da asuba, lokacin da iska ta kwanta ƙwarai, na samu ƙari kaɗan wanda bai kai kuskuren da takardar na'urar ta ce tana iya yi ba, wato wajen 50 sama ko ƙasa. Daga nan na shigar da ita ɗakin da na killace mahaifiyata, inda jikokinta biyu suka shiga taya ta hira da tagogi a rufe. Kafin awa biyu fitilar ta koma ja, lambar ta haura 1,800. Ashe wurin da na kai ta domin tsira shi ne inda take shaƙar numfashin wasu da yawa, kuma yaran da ke zaune kusa da ita kullum daga aji mai cike da ɗalibai suke dawowa.

Abin da na gani ya dace da abin da bincike ya nuna tun farkon annobar korona. A ƙasar Sin an bi diddigin mutum 7,324 da suka kamu a farkon 2020, kuma a cikinsu sau ɗaya tak aka samu yaɗuwar da ta faru a waje, wadda ta shafi mutum biyu da suka tsaya hira a wani ƙauye na lardin Henan. Wani nazari a Japan shi ma a 2020 ya ƙiyasta cewa yiwuwar mai cutar ya harbi wani a rufaffen wuri ta ninka ta sarari kusan sau 19. A ɗaya gefen kuma akwai labarin ƙungiyar mawaƙa ta Skagit a jihar Washinton ta Amurka, inda mutum 61 suka yi atisayen waƙa na awa biyu da rabi a zaure ɗaya a watan Maris na 2020, 53 daga cikinsu suka kwanta rashin lafiya, biyu suka rasu. Dalilin wannan bambanci ba ɓoyayye ba ne. Ƙwayoyin cutar numfashi suna fita ne cikin ƙananan ɗigo na danshi da ke shawagi kamar hayaƙi, kuma a ɗaki rufaffe hayaƙin taruwa yake yi, a sarari kuwa ko ƴar iskar da ba ta kaɗa ganye sosai ba tana tarwatsa shi cikin daƙiƙoƙi. Rana ma tana taimakawa. Wani gwaji da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa haske mai ƙarfin ranar bazara yana kashe kashi 90 cikin ɗari na ƙwayar korona da ke shawagi a iska cikin kimanin minti 8, alhali a duhu sai an shafe fiye da awa huɗu kafin a kai haka.

Sai dai a nan ne kuma na ga iyakar na'urar, kuma iyaka ce babba ga wanda damuwarsa ta waje ce. Lambar da take bayarwa ta iskar da ta riga ta gauraya ce, ba ta san abin da ke faruwa tsakanin fuskoki biyu da ke kusa da juna ba. Na gwada tsayawa ina magana da ƙarfi, na'urar tana riƙe a nisan hannu daga bakina, lambar ba ta motsa ba sai da na matso da ita dab da leɓena, kuma ko a lokacin sai da ta yi jinkiri, domin sau ɗaya take ɗaukar awo a kowane minti. Ke nan idan maƙwabci mai mura ya jingina da katanga yana yi wa mutum bayani fuska da fuska na rabin awa, ko ya yi atishawa ba tare da ya kare bakinsa ba, fitilar za ta ci gaba da nuna kore yayin da feshin yake sauka a ido da hanci. Haɗarin da ya rage a waje kusan duk a nan yake: kusanci, da daɗewa, da fuskantar juna, da kasancewa a ɓangaren da iska take kaɗowa daga mara lafiya. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da allon yake nunawa. Hayaƙin sigarin maƙwabci ya fi na'urar amfani wajen gane inda iska ta dosa, ko da yake jin warinsa ba ya nufin an shaƙi abin da zai isa ya kawo cuta, domin hanci yana kama wari ko da ya tsarma ƙwarai.

Inda ta yi mini amfani a waje shi ne wuraren da sunansu waje amma halinsu na ɗaki ne. Muna da baranda mai bango uku da rufi, wadda mukan saukar wa labule mai kauri idan sanyi ya yi. Da mutum shida suka zauna a ciki da labulen a sauke, lambar ta kai wajen 750, da aka ɗage shi kuma ta faɗo ƙasa da 500 cikin ƴan mintuna. Rumfar taro mai rufaffun gefe, da matsattsen lungu tsakanin gine-gine biyu, da tashar mota mai bangon gilashi duk suna iya zama haka. Masu zama a dogayen benaye kuwa su ne za su fi cin moriyarta, domin a can maƙwabtaka ta iska ce tun kafin ta zama ta gaisuwa. A rukunin gidaje na Amoy Gardens a Hong Kong, cutar numfashi mai tsanani da ake kira SARS ta kama fiye da mutum 300 a 2003, kuma bincike ya danganta yaɗuwar da magudanan banɗaki da ruwan toshiyarsu ya bushe, da fankokin da suka riƙa zuƙo gurɓatacciyar iska daga bututu suna watsa ta zuwa wasu gidaje. Wannan lamari ne da ba kasafai ake ganin irinsa ba, amma yana tuna wa mutum cewa matakala marar taga da lif (na'urar hawa bene) da dogon zauren da kowa ke bi sun fi farfajiya cancantar a sa musu ido. Da na shiga lif ɗin wani ginin ofisoshi da na'urar a aljihu, babu kowa a ciki sai ni, ta nuna fiye da 1,100, alamar cewa numfashin waɗanda suka riga ni yana nan bai fita ba.

Tambayar da ta fi damuna ita ce ta tagar ɗakin mahaifiyata, wadda take kallon tagar maƙwabtan daga nisan mita huɗu ko biyar. Na'urar ta warware mini ita ta hanyar nuna farashin rufewa. Idan tagar da ƙofar duk a rufe suke, da safe lambar takan wuce 1,500 ko da ita kaɗai ta kwana. Idan an buɗe tagar ɗaya ɓangaren gidan aka bar ƙofar ɗakin a sake, takan tsaya ƙasa da 700 ba tare da an taɓa tagar da ke kallon maƙwabta ba. Da babu awo da ba zan gane cewa wannan ƴar dabara ta wadatar ba.

Game da ingancin kayan kuwa, ma'aunin da ke cikinta irin mai aiki da hasken infared ne, wanda ake rubuta wa NDIR a jikin kwali. Yana haska wani haske da ido ba ya gani ta cikin iskar, ya auna yawan wanda kabon dayoksaid ya shanye. Wannan shi ne nau'in da ya kamata a nema, domin akwai na'urori da yawa masu kama da ita waɗanda ƙiyasi kawai suke yi daga warin sinadarai. Hanyar gane su mai sauƙi ce: a shafa man tsaftace hannu mai ɗauke da alkohol kusa da na'urar, idan lambar ta yi tsalle to ta ƙiyasi ce. Tawa ba ta motsa ba. Batirinta ya yi mini mako shida kafin ya nemi caji, allon kuma ana karanta shi ko a tsakiyar rana.

Abubuwan da ban ji daɗinsu ba su ma suna da dama. An saita fitilar ta ci gaba da nuna kore har zuwa 1,000, alhali hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ambaci 800 a matsayin alamar isasshiyar iska, kuma ba a iya sauya saitin sai ta manhajar waya wadda ta dage sai na buɗe asusu na kuma ba ta izinin sanin inda nake. Ƙararrawarta tana da ƙara ɗaya mai tsinka barci, ba a rage ta, sai dai a kashe gaba ɗaya. Tana kuma gyara awonta da kanta bisa zaton cewa mafi ƙarancin lambar da ta gani a cikin mako ita ce iskar sarari, don haka idan ta daɗe a ɗakin da ba a buɗewa sai ta fara nuna ƙasa da gaskiya, kuma takardar bayanin ta ɓoye wannan a shafin ƙarshe da ƙananan haruffa. Maganinsa shi ne a fitar da ita waje na rabin awa kowane mako. Ba ta san da takunkumi ba, ba ta kuma san da injin tace iska ba, domin matatar tana kama ɗigon da ke ɗauke da ƙwayar cuta amma tana barin kabon dayoksaid ya wuce. Murhu ko kyandir da ke ci a kusa yana ɗaga lambar ba tare da wani ya yi numfashi ba. Mafi muhimmanci, ba ta gane kabon monoksaid, iskar nan mai kisa da ke fita daga janareta da garwashi, kuma kamanceceniyar sunayen biyu tana iya sa wani ya dogara da ita a inda ba ta da amfani ko kaɗan.

Wanda tambayarsa ɗaya ce, wato ko zai kamu da mura daga maƙwabcin da ke tari a farfajiyarsa, ba na ba shi shawarar ya sayi wannan na'ura, domin kullum amsa ɗaya za ta ba shi, kuma tazarar mita biyu da gajarta hira sun fi ta kare shi. Wanda kuwa yake da tsoho ko mai ciwon huhu a gida, ko yake kula da aji ko ofis ko ɗakin jira, zai ga amfaninta tun a makon farko, kamar yadda gwamnatin Ingila ta gani har ta raba wa makarantu irinta guda 300,000 daga ƙarshen 2021. A motata ma ta nuna mini cewa maɓallin da ke maimaita iskar ciki yana kai lambar sama da 2,000 cikin minti ashirin idan mu uku ne a ciki.

Maƙwabtan sun warke bayan mako biyu. Mahaifiyata ta koma kujerarta ta yamma, wadda na janye taku uku daga katangar, suna kuma gaisawa da matar gidan daga inda kowacce take zaune. Murar da ta shigo mana daga baya ɗana ne ya kawo ta daga makaranta, kuma a wannan makon na'urar tana kan teburin ɗakin kakarsa, ƙofa a sake, tana nuna 640.