Gargaɗi ga masu sayen kayan noman rumfa daga waje ta jirgin ruwa

Tun bayan da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a jihohin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a shekarar 2016, hankalin manoma da 'yan kasuwa da dama ya koma ga noman cikin rumfar leda, inda ake tsare shuka daga ƙwari da ruwan sama mai yawa, sannan daga baya aka ƙara da noman da ba ya buƙatar ƙasa da kuma tsirar da ciyawar dabbobi a cikin tire. Kayan wannan aiki, wato bututun ƙarfe da leda da ragar hana ƙwari da tiyon ban ruwa na ɗigo da fanfuna da fitilun LED, galibinsu daga China ake kawo su, kuma saboda nauyi da girmansu yawanci ta jirgin ruwa ake ɗauko su. Tsakanin ranar da mutum ya biya kuɗi da ranar da zai ga kayansa akan yi wata biyu ko fiye, kuma a cikin wannan tazara ce 'yan damfara suka kafa shago.

Abin yakan fara ne da talla a Facebook ko TikTok, mai ɗauke da bidiyon rumfa cike da tumatir ko tattasai, tare da lambar WhatsApp. Wanda zai amsa maka zai gabatar da kansa a matsayin wakilin masana'anta a Shandong ko Guangzhou, wani lokaci ma ɗan gida ne da zai yi maka magana da Hausa har ya tambaye ka iyali. Zai ba ka farashi guda ɗaya, ya ce ya haɗa da kaya da jirgi da kwastan da mota har ƙofar gonarka, kuma farashin zai gaza na kowa da tazarar da ya kamata ta tsayar da mai hankali. Daga nan sai ya nemi kafin alƙalami na kashi 30 cikin 100, wanda dama haka al'adar ciniki da masana'antun China take, shi ya sa ba ya tayar da zargi. Abin da ya kamata ya tayar da zargin shi ne asusun da za a ce ka tura kuɗin: idan na wani mutum ne, ko na wani kamfani mai suna daban da wanda ke kan takardar farashi, to tun daga nan ciniki ya lalace, komai daɗin bayanin da za a yi maka cewa asusun kamfanin yana hannun masu binciken kuɗi.

Bayan 'yan makonni za a turo maka hoton kwantena ana loda ta, da hoton takardar lodi wadda 'yan kasuwa ke kira BL, a ce ka cika sauran kuɗin. Wannan takarda ita ce zuciyar al'amarin, domin ita ce shaidar cewa kamfanin jirgi ya karɓi kayan, kuma wanda sunansa yake a gurbin mai karɓa yawanci shi kaɗai za a sakar wa su. Ƙirƙirar ta bogi a kwamfuta ba ta ɗaukar rabin sa'a, amma tantance ta ma ba ta da wuya. Kowace kwantena tana da lamba mai haruffa 4 da alƙaluma 7, harafi na huɗu kusan kullum U ne, kuma manyan kamfanonin jirgi irin su Maersk da MSC da CMA CGM da COSCO duk suna da gurbi a shafukansu inda za ka sa wannan lamba ka ga inda take. Ka rubuta adireshin shafin da hannunka, kada ka bi mahaɗin da mai sayarwa ya turo, saboda akwai shafukan bibiya na ƙarya da aka gina don su riƙa nuna maka jirgi yana tafiya. Kuma ko lambar ta fito, ka duba tashar da aka yi lodi da tashar da za a sauke da ranar tashi, domin wasu sukan ɗauko lambar kwantenar wani ta gaskiya su liƙa a takardarsu. Mafi tabbas shi ne ka tuntuɓi ofishin kamfanin jirgin da ke Legas da lambar BL ɗin, ka tambaya ko sunanka ne a kai.

Wanda ya biya sauran kuɗin ba tare da wannan bincike ba, sai ya shiga zango na gaba. Za a ce kaya sun iso Apapa ko Tin Can amma kwastan sun riƙe, ana neman kuɗin takardar izini; bayan ya biya sai a ce akwai kuɗin feshi, sannan kuɗin jinkirin kwantena da ke hauhawa kullum, kuma kowane kira yana zuwa da gaggawa da barazanar cewa za a yi gwanjon kayan. Ya kamata a sani cewa ba a biyan harajin kwastan a asusun wani mutum. Ana biyansa ne a banki bisa takardar ƙiyasi da ta fito daga tsarin hukumar. Kafin ma kaya su bar China, mai shigo da su yakan buɗe Form M, wato takardar bayyana kayan da zai shigo da su, ta bankinsa, daga baya hukumar kwastan ta fitar da rahoton PAAR na ƙiyasin kaya kafin isowarsu, kayan lantarki kuma irin su fitilu da fanfuna suna buƙatar takardar shaidar inganci ta SONCAP daga hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki. Idan an ce cikakkiyar kwantena tana zuwa da sunanka alhali ba ka taɓa sa hannu a ɗaya daga cikin waɗannan ba, ko dai babu kwantenar, ko kuma ba taka ba ce a takarda.

Akwai wani salon da ya fi wannan wahalar ganewa, domin a cikinsa kayan suna nan da gaske. Mai ƙaramin kaya ba ya cika kwantena, sai a haɗa nasa da na wasu, a caje shi bisa girman wurin da ya ci, wato abin da ake aunawa da kubik mita, ko CBM a taƙaice. Ejan jigilar kaya marar amana zai karya farashin kowace CBM har ya kori abokan gasarsa, ya karɓi kayanka a rumbunsa na Guangzhou, ya ba ka takardar lodi ta kamfaninsa, ita kuwa babbar takardar ta kamfanin jirgi tana ɗauke da sunansa ko na abokin aikinsa na Legas. Idan kaya suka sauka sai awo ya canza: abin da aka ce CBM 8 ne ya koma 12, a ƙara da wasu kuɗaɗen da ba a taɓa ambata ba, kuma ba ka da wata hanyar zuwa wurin kamfanin jirgi kai tsaye tunda bai san da kai ba. A ganina wannan ya fi damfarar fili muni, saboda mutum yana ganin kayansa da idonsa a rumbun ejan, ga damina tana ƙaratowa, sai ya biya yana sane da cewa zaluntarsa ake yi. Maganinsa shi ne a auna kayan a China a rubuta, a kuma sa ejan ya lissafa a rubuce duk abin da za a biya a tashar sauka kafin ya taɓa ko da kwali ɗaya.

A nan akwai wani ɗan gwaji da ke tona asirin wanda bai taɓa loda kayan rumfa ba. Cikin kwantena mai ƙafa 20 tsawonsa kusan mita 5.9 ne, ga shi kuwa bututun ƙarfe yawanci mita 6 ake yanka shi. Duk wanda ya yi maka alƙawarin zuba bututu mai mita 6 a ƙaramar kwantena ba tare da ya ce za a rage tsawonsa ba, bai san aikin ba. Irin wannan kaya sai mai ƙafa 40, wadda cikinta ya kai kusan mita 12, kuma kuɗinta daban ne.

Sai kuma batun ingancin abin da zai iso. Ledar rumfa ta ƙwarai takan kai kaurin maikiron 200, wato milimita 0.2, kuma an haɗa ta da sinadarin da ke kare ta daga zafin rana. Wadda ba ta da shi, ranar Maris da Afrilu ta Arewa za ta busar da ita ta tsattsage tun kafin a ci moriyarta. Bututun da aka ce an tsoma shi a narkakken tutiya kan zama fenti ne kawai aka shafa masa mai kalar azurfa, kuma raɓar da ke taruwa a cikin kwantena a tsawon makonnin da take yi a teku ta isa ta fito da tsatsarsa tun ranar buɗewa. Fitilun da aka rubuta wa wat 1000 a kwali sukan ja ƙasa da haka nesa ba kusa ba, wasu kuma an yi su ne don wutar Amurka mai bolt 120, alhali tamu 230 ce. Ba a cinikin biri a sama, don haka kafin a biya cikon kuɗi a ɗauki kamfanin duba kaya mai zaman kansa irin su SGS ko Bureau Veritas ko Intertek ya je masana'antar ya auna kauri ya ƙirga, ya kuma tsaya har a rufe kwantena a ɗauki lambar hatiminta. Kuɗin wannan aiki ƙalilan ne idan aka gwada shi da kuɗin kayan, kuma mai sayarwar da ya fara kawo uzuri da jin sunan masu duba kaya ya riga ya ba ka amsa.

Tantance kamfanin shi kansa abu ne mai yiwuwa. Kowane kamfani mai rajista a China yana da lasisin kasuwanci mai ɗauke da lamba mai alƙaluma da haruffa 18 da ake iya dubawa a shafin rajistar kamfanoni na gwamnatin ƙasar, kuma sunan da ke kan lasisin ya kamata ya dace da wanda ke kan takardar farashi da na asusun banki. Idan ta Alibaba aka haɗu, kariyar da dandalin ke bayarwa tana aiki ne kawai ga kuɗin da aka biya ta cikinsa, shi ya sa macuta ke matsa wa mutum ya fito waje da alƙawarin rangwame. Ejan ɗin gida kuwa a nemi rajistarsa ta hukumar rajistar kamfanoni CAC da ta CRFFN, majalisar da ke kula da masu wannan sana'a, da lasisin kwastan na wanda zai yi kiliyarin, a kuma taka da ƙafa a ga ofishinsa. Ko da kamfanin na gaskiya ne, idan saƙon imel ya zo ana dab da biya yana cewa an canza asusu, a kira lambar da aka saba magana da ita tun farko a tabbatar, domin masu kutse cikin imel sukan jira wannan lokaci daidai.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsu, abu na farko shi ne ya daina tura kuɗi, ko da an rantse masa cewa wannan ne na ƙarshe. Ya adana hirarraki da rasiɗai da hotunan tallan kafin a goge shafin, ya sanar da bankinsa a ranar domin a nemi tsayar da kuɗin, sannan ya rubuta ƙorafi ga EFCC ko 'yan sanda. Idan rigimar ta cajin da ya wuce ƙa'ida ce a tashar jirgi, hukumar kare masu shigo da kaya da fitar da su ta Najeriya, wato Nigerian Shippers' Council, tana karɓar irin wannan ƙara. Kuma ya sa ran cewa nan da 'yan kwanaki wani zai kira shi da sunan lauya ko jami'i yana cewa zai ƙwato masa kuɗinsa idan ya biya wani abu tukuna. Sau da yawa mutanen farko ne suka dawo da sabuwar lamba.